Hannun da Na Sa wa Babbar Sista

Sallama gare ku, ku da kuka saba bibiyata, da ku da kuka faɗo yau kuna tambayar wace ce wannan mai surutu. Ku gyara zama. Yau laifina zan faɗa da bakina, kuma ina roƙon masu zagi su yi haƙuri sai na kai ƙarshe, kada su ƙarar da zaginsu tun ba a zo inda na fi cancantarsa ba.

Ni nas ce, shekarata ashirin da tara. Ina aiki a ɗakin kulawa ta musamman, inda ake kwantar da waɗanda ciwo ya kai su bakin ƙofa. Gado takwas gare mu. A gida Auta ake ce mini. A wurin aiki kuwa, tun da asibitinmu ya sayo sababbin famfunan ƙarin ruwa aka tura ni kwas na mako biyu a kansu, sunana ya koma Malamar Famfo. Ba ni na zaɓa ba. Da an tambaye ni, da na zaɓi sunan da ba zai sa baƙo ya ɗauka gyaran banɗaki nake yi ba.

Bari in yi muku bayanin famfon a tsanake, don duk abin da ya faru a jikinsa ya rataya. Kun san ƙarin ruwa irin na da: leda a sama, siririyar roba ta sauko zuwa jikin mara lafiya, a jikin robar akwai ɗan makulli mai taya. Nas takan murza tayar, ta dubi agogonta, ta ƙirga ɗigo har ya yi daidai. Makullin nan shi ke riƙe ruwan. Famfo kuwa akwati ne mai ƙofa. Ana ratsa robar ta cikinsa, shi yake matse ta, yana sakin magani kaɗan-kaɗan gwargwadon lambar da aka danna masa. Saboda haka muddin roba tana cikin famfo, makullin a buɗe yake gaba ɗaya. Idan ka buɗe ƙofar ba ka fara rufe makullin ba, maganin da aka tsara zai yi yini yana shiga jiki sai ya kama hanya a guje. Akwai famfunan da ke kare kansu daga wannan. Namu ba sa cikinsu. Shi ya sa na dami ɗalibaina da kalma uku har suna tsokanata da su a layin shayi: makulli, sannan ƙofa.

To, shugabar horaswa ta ba ni takarda mai suna goma sha huɗu. In gwada kowace nas ta ɗakinmu a kan famfon, wadda ta iya in sa mata hannu, kafin Juma'a. Wadda ba ta samu hannuna ba za a mayar da ita ɓangaren masu zuwa su koma, ta riƙa awon zafin jiki da nauyi. Zuwa Talata na gama da goma sha uku. Biyu sai da suka maimaita, ɗaya ta yi kuka, amma duk sun haye.

Suna na goma sha huɗu Babbar Sista ce.

Shekara talatin da ɗaya tana aikin nan, saura wata bakwai ta yi ritaya. Farar rigarta da kanta take tsayuwa saboda sitaci. Agogonta a maƙale a ƙirji, takalmanta ba sa ƙara, sai dai kawai ka ji ta a bayanka. Tana iya samo jijiya a hannun da likita uku suka haƙura da shi. Amma tun da famfunan nan suka zo, ban taɓa ganin yatsanta a kan ko ɗaya ba. Idan ya yi kuka, sai ta ɗaga murya ba tare da ta juyo ba:

"Ke 'yar nan, zo ki ji abin da ɗanki yake so."

Kuma ita ce mahaifiyar saurayina.

Eh, na ji ku. Ita ce ma ta haɗa abin. Shekara guda tana lura da ni, sannan ta fara aiko ɗanta ya kawo mata abinci a kula sau uku a mako, alhali kowa ya san ba ta cin abinci a wurin aiki. Ni ake turawa in karɓa a bakin ƙofa. Malamin lissafi ne a sakandare, dogo, mai gilashi, mai sa biro biyu a aljihu saboda ko ɗaya zai ƙare. A wayata Lissafi na sa masa. Saƙonsa ma da lamba yake zuwa:

"1. Barka da safiya. 2. Kin karya? 3. Abin da na faɗa a lamba uku ta jiya yana nan bai canza ba."

Lamba ukun nan, idan ba ku gane ba, maganar so ce. Na kori samari uku kafin shi, ɗaya saboda ya ce idan mun yi aure zan bar "wankin kashin mutane". Wannan kuwa ina son shi, son da nake jin kunyar rubutawa. Manyansa za su zo gidanmu ranar Asabar da ƙarfe huɗu su nema masa aurena.

Ranar Talata da yamma na tarar da falonmu kamar an yi kwasar kaya. Umma tana kan kujera tana sauke labule, Yaya ta baje yadi kala uku a kan kafet tana gwada wanda zai fi shiga da fatata. Na zauna ina cire safa, sai bakina ya suɓuce na faɗi maganar takardar.

Umma ta tsaya da labule a hannu.

"Ki gwada wa?"

"Sista. Ita kaɗai ta rage."

"Uwar mijin naki za ki yi wa jarrabawa?"

"Umma, ai ba a ɗaura ba tukuna."

"Da wannan bakin naki ba za a ɗaura ba har abada. Yaya, kina jin ƙanwarki?"

Yaya ta ɗora mini shuɗin yadin a kafaɗa, ta ja baya tana kallo da ido ɗaya. "Auta, matar nan ta fara aiki tun ba a haife ki ba. Ki sa hannu kawai. Ai ba taɓa injin take yi ba, ke kika faɗa."

"To idan wata rana ta taɓa fa?"

"Cikin wata bakwai? Matar da ta yi wata biyar tana kewaye shi kamar kare mai cizo?"

Umma ta sauko, ta zauna kusa da ni, ta sauya murya zuwa wadda take amfani da ita idan tana son in sha magani. "Auta. Na gaji da amsa tambayar mutane a gidan biki. Allah ya kawo mai hankali, mai aiki, wanda bai damu da kina dawowa gida kina warin asibiti ba. Ki rufa mini asiri. Biro ne kawai."

Biro ne kawai. Da kalmar nan na tafi aiki ranar Laraba.

Ƙarfe goma Babbar Sista ta aiko a kira ni ofishinta. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai tebur ɗaya da fanka mai kaɗa kai. Ta ce in rufe ƙofa. Ta zuba mini shayi daga fulas ɗinta, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba, har da likitoci.

"Ina takardar taki?"

Na miƙa. Ta riƙe ta nesa da fuskarta, ta bi sunayen da yatsa har ƙasa.

"Saura ni."

"Sista, minti goma ne kawai. Akwai famfon koyo a ɗakin karatu, babu kowa a wurin yanzu."

"Minti goma." Ta ajiye takardar. "'Yata, kin san nawa ne ɗigo a minti idan ana son lita ta ƙare cikin awa takwas?"

"Sai na lissafa."

"Ni ba na lissafawa. Hannuna ya sani. Shekara talatin da ɗaya, ba wanda ya taɓa cutuwa a hannuna saboda ɗigo. Yanzu kina so in tsaya gaban akwati yana mini ihu, ke kina riƙe da biro kina ba ni maki?" Ta ciro biro daga aljihunta, ta ɗora a kan takardar, ta turo gabana. "Wata bakwai ya rage mini. Ba zan ƙare aikina ina ɗora mutane a kan sikeli ba. Jiya na ga rigar da yaron nan ya ɗinka saboda Asabar. Har ya gwada mini sau biyu."

Ba ta yi barazana ba. Kawai ta ajiye rigarsa kusa da takardata ta bar ni in duba.

Masu karatu, na sa hannu.

Ban gwada ta ba, ban ma nuna mata inda ake kunnawa ba. Na rubuta kwanan wata da kyakkyawan rubutuna, na shanye shayin, na ce an gode. Kafin azahar shugabar horaswa ta manna takardar a allon sanarwa, suna goma sha huɗu, hannu goma sha huɗu, har da tauraro da ta zana a gefe. Da yamma Umma ta ƙara mini nama. Lissafi ya turo: "1. Mama ta dawo tana fara'a. 2. Me kika yi mata? 3. Ki ci gaba."

Abin da ban yi tunani ba shi ne, takardar nan mutane suna karantawa. A da idan famfo ya yi kuka kusa da Sista, kowace ƙaramar nas takan taso a guje, don an san ba ta taɓawa. Yanzu sunanta yana bango. Ta iya. Ni na ce ta iya.

Ranar Alhamis da rana tsaka, a gado na uku akwai wani tsohon tela da ƙwayar cuta ta shiga jininsa. Jininsa ya faɗi ƙasa sosai, muna ɗaga shi da wani magani mai ƙarfi ta famfo, irin wanda ake ba da shi ɗan mitsitsi, cokali biyu ma ba ya cika a awa. 'Yarsa tana zaune a gefe da carbi, lokacin ziyara ne. Ni ina can gado na takwas, mu uku muna juya wani ƙaton bawan Allah, hannuna biyu a ƙarƙashin kafaɗarsa.

Famfon gado na uku ya fara kuka. Na san kukan: iska ce ta shiga roba. Ƙaramin abu.

Babbar Sista tana tsaye a wurin da wani sabon likita, suna duba fayil. Na jira in ji "ke 'yar nan". Ban ji ba. 'Yar telan ta miƙe tana cewa, "Sista, injin, Sista, injin." Likitan ya ɗaga kai ya dube ta, kallon wanda ya karanta allon sanarwa. Ba nas ɗin da ta motsa.

Na ga bayanta ya miƙe. Na ga hannunta ya tashi. Ta yi abin da ta yi sau dubu a rayuwarta idan ta ga iska a roba: ta nemi ta ciro robar ta ɗanɗana ta da yatsa, iskar ta hau sama. A ƙarin ruwa irin na da wannan daidai ne, domin makullin yana riƙe da ruwan. Hannunta ya san makulli a matse yake. Shekara talatin da ɗaya a matse yake.

Ta ɗaga marfin ƙofar.

"Makulli!" na ce, da muryar da ban san ina da ita ba. "Sista, makulli!"

Ba zan iya sakin mutum a tsakiyar juyi ba, da bututun numfashi a bakinsa. Sai da muka dire shi. Daga gado na takwas zuwa na uku taku goma sha biyu ne, na sha ƙirgawa. Ran nan na ji kamar titi nake tsallakawa. Ɗigon da ke ƙarƙashin ledar ya daina zama ɗigo, ya zama zare. Na kai hannu ta gefen kafaɗarta na murza tayar har ƙasa.

Allon da ke saman gadon ya riga ya fara ihu. Lambar jinin telan tana hawa kamar ana hura ta: ɗari da sittin, ɗari da casa'in, ɗari biyu da ashirin. Zuciyarsa ta kama gudu. Goshinsa ya jiƙe, leɓensa ya yi fari. 'Yarsa ta saki carbin tana kiran "Baba, Baba", aka janye ta waje. Sabon likitan ya tsaya kamar an dasa shi, sai da na ce ya kira babbansa.

Babban likita ya zo, ya ce kada a ba shi komai, a jira, maganin ba ya daɗewa a jiki, amma a shirya don zai faɗo. Na fitar da iskar, na mayar da robar cikin famfo, na rufe ƙofa, na tsaya da yatsana a kan maɓalli. Minti huɗu muna kallon lamba. Ban taɓa yin addu'a da lambobi ba sai ran nan. Ta tsaya, ta fara saukowa, ta sauko da sauri har ta nemi wucewa ƙasa. Likita ya ce, "Yanzu." Na buɗe makulli, na danna.

Telan ya tsira. Bari in faɗa muku tun yanzu, don na san wasunku sun daina numfashi. Bayan kwana huɗu ma ya buɗe ido ya ce wa ya ɗinka wa likita wannan wandon. Amma da hannuna bai kai ba na wasu daƙiƙu, da jijiyar kansa ta iya fashewa, kuma da yau wani labarin nake ba ku.

Na tarar da Sista a sito, tsakanin kwalayen safar hannu. Tana tsaye, kamar robar tana nan a yatsunta, don har lokacin suna a lanƙwashe.

"Makullin a buɗe yake," ta ce, ba ta dube ni ba. "Wa yake barin makulli a buɗe?"

"Famfo, Sista. Darasi na farko ke nan."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Ban faɗa miki ba."

Na so ta zage ni, da ya fi sauƙi.

"Za a rubuta rahoto," ta ce. "Ki rubuta injin ne ya yi kuskure. Sababbin kaya ne, kowa zai yarda."

"Injin bai yi komai ba."

"To ki rubuta ni ce. Na manta. Mutum yana mantuwa."

"Ba ki manta ba, Sista. Ba a manta abin da ba a koya ba."

Sai a lokacin ta juyo. "Kin san abin da kike shirin yi? Jibi Asabar."

Na sani. Har kalar yadin na sani.

Na je allon sanarwa na cire takardar, da tauraronta da komai, na haura ofishin shugabar horaswa. Na faɗa mata na sa hannu a lamba goma sha huɗu ban gwada ba, kuma na faɗi dalili, don in ban faɗa ba masu shara ma za su faɗa mata. Ta cire gilashinta ta dube ni tsawon lokaci.

"Malamar Famfo," ta ce, "da na so in ba ki lambar yabo. Yanzu takardar gargaɗi za ki karɓa."

Ta ja layi a kan suna na goma sha huɗu. Ta ce ranar Litinin ita da kanta za ta gwada Sista a gaban babban likita. Idan ta ci, ta zauna. Idan ta faɗi, sikeli.

Ban san yadda labari yake riga mutum isa gida ba, amma ya riga ni. Na tarar da Umma zaune a ƙarƙashin sabon labule, ta yi tagumi da hannu biyu. Yaya tana ninke shuɗin yadin a hankali kamar likkafani.

"Kin kai ƙarar uwar mijinki," in ji Umma.

"Kaina na kai ƙara, Umma."

"Kanki da nata a takarda ɗaya suke! Wace irin 'ya na haifa? Mutane suna kai wa surukai turare, ke kin kai mata takardar kora."

"Mutum ya kusa mutuwa."

"Ya mutu?"

"A'a."

"To ni zan mutu. Yaya, a mayar da tsohon labulen."

Yaya ta jira har Umma ta shige ɗaki. Sannan ta matso ta ce a hankali, "Ni na ce ki sa hannun. Kada ki faɗa wa Umma na ce haka, amma da Babanmu ne a gadon, da na ci mutuncin wadda ta sa." Ta ba ni yadin. "Ajiye. Ko ba miji, shuɗi yana miki kyau."

Na tura wa Lissafi saƙo. Na yi ƙoƙarin yi da lamba don ya ji tausayina. "1. Na yi laifi ranar Laraba. 2. Na gyara yau. 3. Gyaran ya taɓa Mama. 4. Abin da ban taɓa faɗa maka a lamba uku ba, gaskiya ne."

Ya karanta. Alamar ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu, ya daina. Ya sake farawa, ya daina. Ranar Juma'a Sista ba ta zo aiki ba, karo na farko da kowa ya iya tunawa. Wayata ta wuni a aljihun rigata shiru. Duk famfon da ya yi kuka sai in zabura in duba ta, har wata ɗalibata ta ce, "Malama, injin ne, ba shi ba ne."

Asabar da safe, ƙarfe takwas da rabi, ina tsakar gida da tsohuwar doguwar rigar barci mai hoton abarba, kaina ba ɗankwali, ina wanke farin takalmina na aiki, aka buga ƙofa. Umma ta leƙa, ta dawo da gudun da ban san gwiwarta tana da shi ba.

"Ita ce. Da kanta ta zo ta fasa. Shiga ki sa kaya, kada a fasa aurenki kina cikin abarba."

Ban samu dama ba. Babbar Sista ta riga ta shigo. Ba farin kaya, doguwar riga ce ruwan toka da mayafi, amma agogon yana nan a ƙirji. A hancinta akwai gilashin karatu sabo fil, takardar shago ma ba a gama ɓare ta daga gefensa ba. A bayanta Lissafi ne, ya rungumo wani abu a naɗe cikin tawul kamar jariri, sandar rataya leda a ƙarƙashin hammatarsa tana bugun ƙofa.

Umma ta fara jero gaisuwa da ban haƙuri a haɗe. "Hajiya, sannu da zuwa, yarinya ce, ƙuruciya ce, tun tana ƙarama bakinta..."

"Ina kwana, Hajiya. Akwai wuta a falon?"

"Wuta?"

"Soket."

Lissafi ya ajiye jaririn a kan teburin falo ya buɗe tawul. Famfon koyo ne na ɗakin karatu. Ashe jiya Sista ta je wurin shugabar horaswa ta ofishin baya ta sa hannu ta aro shi. Ya kafa sandar, ya rataya ledar ruwa, ya jona wuta, duk bai dube ni ba. Da zai wuce ta gefena ya ce ƙasa-ƙasa, yana kallon bango:

"Ɗaya, ta ƙwace mini waya tun shekaranjiya. Biyu, abarbar ta yi kyau. Uku tana nan."

Sista ta zauna a kan kafet, ta ciro sabon littafin rubutu da biro, ta buɗe shafin farko.

"Zauna, 'yar nan. Kwana biyu ina jin haushinki, har na gaji. Da na rufe ido sai in ga zaren nan yana zuba." Ta gyara gilashin. "Litinin za a gwada ni a gaban yaran da na koya wa sa allura. Ba zan faɗi ba. Baffannin yaron nan suna gidana tun jiya, sun goge kaya. Na ce su jira. Idan na iya abin nan kafin ƙarfe huɗu, za su taho. Idan ban iya ba, to ba ki iya koyarwa ba, kuma ban ga abin da zan yi da malamar da ba ta iya koyarwa ba a gidana."

"Sista, wannan ai ba adalci ba ne."

"Ranar Laraba ma ba adalci na yi miki ba, kika sa hannu. Fara."

Na durƙusa gabanta da abarbata. Na nuna mata maɓallin kunnawa, yadda ake ratsa roba, inda ake danna yawan ruwa da inda ake danna saurinsa. Tana rubutawa da manyan baƙaƙe. Hannunta da ke samo jijiya a duhu yana lalube a kan maɓalli kamar na 'yar aji ɗaya. Umma ta shigo da faranti, kofuna suna ƙara, tana yi mini alama da ido da gira da haɓa: ki bar ta ta ci.

Na saki iska cikin robar da gangan. Famfon ya fara kuka a tsakiyar falonmu.

"To, Sista. Me za ki yi?"

Ta ja numfashi. Hannunta ya tashi, ya tafi kai tsaye zuwa marfin ƙofar.

Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Abin da nake yi wa ɗalibaina na yi. Na ɗaga hannu na ɗan make bayan hannunta, tas.

Farantin Umma ya kai ƙasa. Yaya ta toshe baki a bakin ƙofa. Lissafi ya cire gilashinsa, ina jin don kada ya zama shaida.

Babbar Sista ta dubi bayan hannunta. Ta ɗago ta dube ni ta saman sabon gilashin, kallon da ya sa likitoci suka sha canza hanya. Famfon yana ta kuka. Na ji aurena yana sa takalmi zai fita.

"Makulli," na ce, muryata kamar ta sauro. "Sannan ƙofa, Mama."

Ta daɗe ba ta ƙifta ba. Sannan ta kai yatsa ta murza tayar har ƙasa, ta buɗe ƙofar, ta dubi ɗigon. Ko ɗaya bai sauko ba.

Ta ɗauki biro ta rubuta kalma ukun, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Ta ɗaga agogon ƙirjinta ta duba.

"Tara da kwata," ta ce. "Hajiya, a bar kofunan, a ɗora girkin baƙi. Ke kuma sake sa iskar. Idan na ƙara kai hannu, ki fi haka bugawa."